Hwarar Majigi

Manzo: Alo, Yaya Zaliha? Manzo na, daga gidan waya na Tawa.

Zaliha: Wa? Ɗaga murya.

Manzo: Manzo, ƙanenki.

Zaliha: A'a, mai majigi. Ina kwana? Ina gajiya?

Manzo: Babu gajiya. Ina Yamai, ina aikin likita?

Zaliha: Alhamdu lillahi. Baba hwa? Gero ya nuna?

Manzo: Sun yanke shi.

Zaliha: Yanzu? Ai da saura.

Manzo: Ɗanye sunka yanke. Garin duka.

Zaliha: Mi ya same su?

Manzo: Na kai musu majigi. Hoton ginin rijiya anka ce in nuna, ashe wani anka sa cikin gwangwanin. Ban duba ba, na aza.

Zaliha: Na mi?

Manzo: Hwara, Yaya. Kowace ta yi girman raƙumi. Daga cikin watan sama su ka saukowa bisa tsani, da huluna a kai. Su cinye gona, su cinye gida, su goge baki. Wani mutum mai agogo maimakon kai shina yi musu jagora.

Zaliha: Wannan ai wasan Nasara na. Ba ka hwaɗa musu ba?

Manzo: Na hwaɗa har murya ta dishe. Baba ya miƙe gaban mutane ya ce: "Kun nuna muna tuta, tuta ta zo. Kun nuna masu allurar agana, sun zo. Motar gwamnati ba ta taɓa yi muna wasa ba."

Zaliha: Innalillahi.

Manzo: Da asuba kowa ya ɗau magirbi, wai kar hwarar ta riga su.

Zaliha: Ba a tsira da komi ba?

Manzo: Na murza zangarniya, ruwa ta yi a hannuna. Sauran ya yi hunhuna cikin rumbu.

Zaliha: To ku tahi wurin komandan.

Manzo: Na je. Ya ce hwara ba ta sauka ba, mi za ya rubuta?

Zaliha: Baba ya yi hushi da kai?

Manzo: Da ma ya yi. Kirana ya yi a hankali, ya riƙe min hannu. Ya ce tunda abin da na nuna shi ka zuwa, in koma in nuna musu kamiyo, babbar motar kaya, cike da hatsi.

Zaliha: Kai ka ce mi?

Manzo: Na ce to. Na buɗe gwangwanayen ohis duka, babu. Su ko sun share hili, suna jirana.

Zaliha: Manzo, saurara... Alo? Alo?