Farar Uwa a Bayan Rumfar Sukari

Shugabar wannan taro, Madam Ouellette, dattawan majalisar garinmu, jami'an kula da namun daji da suka taso daga nesa, mafarauta 'yan'uwana, iyayena mata da maza, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ina godiya da kuka ba tsoho irina, Rosaire Cyr, damar tsayuwa gabanku.

Kun san abin da ya tara mu. Hukuma na neman yardarmu a ƙara lasisin harbin mus, babban naman dajin nan namu na Maine, har da matansu, domin garke ya ragu, kaska ta rasa jikin hawa. Ni kuwa na tsufa da bindiga a kafaɗa, ban taɓa ɗaga ta a kan macen mus ba, kuma na sha zagin masu yi.

Na farko, ku ji abin da idona ya gani. A watan Afrilu, da rana tsaka, muna rumfar dafa ruwan itacen sukari ni da matata Odile, sai ta damƙe hannuna. Ta ce, "Rosaire, wancan abin mai rai ne kuwa?" Wani dogon abu ne fari fat a tsaye cikin itatuwa, ba motsi, ba ƙara. Na ce, "Haba tsohuwa, goge tabaraunki." Da na matsa sai na gane ta da yagaggen kunnenta: macen mus ɗin nan ce da ke kawo ɗanta bayan rumfarmu kowace shekara. Ƙaiƙayi ya sa ta goge gashinta kaf a jikin itatuwa, shi ya sa ta koma fara. Ɗan yana kwance gefenta, ya riga ya yi sanyi, amma wallahi fatarsa motsi take yi. Kaska ce, kowace ta kumbura kamar jiƙaƙƙen wake, suna gangarowa daga gawar a hankali suna shigewa ƙarƙashin ganye. Tsoro ya kama ni, ba na jin kunyar faɗa. Uwar ta ƙura mini ido, ba ta gudu ba, don babu jinin gudu a jikinta.

Na biyu, a da dusar ƙanƙara kan sauka da wuri ta kashe kaska. Yanzu sai ta ga dama take zuwa. Mus kuma ba saniyar gida ba ce, balle a kama a yi mata wanka. Ovide, daina kaɗa kai, ina ganinka. Ka ce baƙin masaukinka don mus suke zuwa. To, wane baƙo ne zai biya ya kalli fatalwa?

Na uku, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Uwar ta rayu. Jiya na ga sawunta a hanyar rumfa, na kuma ga 'ya'yan kaskar nan sun ƙyanƙyashe, sun dunƙule a bakin rassa daidai tsayin ƙirjinta, suna riƙe da juna, suna jira. Ba za ta jure wani lokacin sanyi da su a jikinta ba, duk ɗan da za ta sake haifa kuma abincinsu ne. Ina roƙonku ku amince, ina roƙonku kuma ku bar mini ita ni in harbe ta, kada baƙon hannu ya raunata ta ya bar ta. Tun da na faɗa wa Odile haka ba ta ƙara yi mini magana ba.

Ubangiji ya albarkaci wannan taro, ya mai da kowa gida lafiya, ya sauko mana da dusar ƙanƙara da wuri, ya kuma sa harsashina ɗaya ya ishe ta.

Na gode.