Shek ɗin da ke cikin akwatin Baba Idi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Salisu daga Gidan Sori. Bana na gama karatu, sai ƙungiyar manoman wake ta damƙa mini asusunta na banki.

Wata huɗu ke nan da muka sayi iri wurin Baba Idi, muka ba shi shek, wato takardar karɓar kuɗi a banki, na sefa jika ɗari da hamsin. A ranar na cire kuɗin a littafina. Amma duk takardar da na karɓo daga banki a Maradi, kuɗin suna nan, don Baba bai kai shek ɗin ba. Sau uku ina zuwa gidansa. Ya ce, "Ɗana, bar shi a akwati. In ya zama kuɗi, dangi za su cinye."

Yanzu shugabanmu ya ga takardar, ya ce rara ce, a sayi taki. Na yi bayani har na gaji, ya ce wai na fi banki sani ne? In aka taɓa kuɗin, Baba zai je ya tarar babu, kuma ni na sa hannu.

Jama'a, ku ba ni shawara. Baba Idi, na san kana saurare. Don Allah ka shirya mu tafi Maradi, kuɗin mota na wuyana.