Kwalbar da Na Ba Ɗana

'Yan'uwa mata na zumunta, salamar Yesu Almasihu ta tabbata gare ku. Kun san ni a Anka da kaifin baki. Yau kaina zan yanka da shi.

Ɗana Iliya direba ne, kuma ya taɓa shan ƙwayar tiramol. Ba irin zagin da ban yi mishi ba. Da wata ƙungiya mai kai ma'aikatan lafiya ƙauyukan da gubar dalma ta shafa ta nemi direba, aka kira shi. Sharaɗinsu ɗaya: sai an gwada fitsari kafin a ba mutum makulli.

Ya ce, “Inna, wata uku ke nan rabona da ita.”

Na ce, “Ƙarya kake! Ni na haife ka.”

Na zuba nawa fitsarin a 'yar kwalba, na tura mishi cikin aljihu. Na ce in bai ba da shi a madadin nasa ba, ban yafe nonona ba. Ya sunkuyar da kai ya tafi.

Aka tsoma tsinken gwaji, ya nuna ƙwaya. Aka sallame shi a gaban mutane.

Ya dawo gida. Ya ɗauko maganin gajiyar da nake saye wurin mai talla, wanda nake sha kullum kafin surfe, ya ajiye a cinyata. Lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci. Na bi baƙaƙen da ke jikin maganin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har sunan ya fita daga bakina: tiramol.

Wayyo ni! Shekara biyu ina shan abin da nake tsine wa ɗana a kansa!

Na durƙusa gindin turmi na ce, “Ya Yesu, ni ce marar lafiyar. Ka kwance ni.” Na yi kwanaki ina rawar jiki da zufa, matar fasto tana riƙe da ni, har Ubangiji ya cire mini ƙishin abin nan. Haleluya!

Amma aikin bai dawo ba. Iliya yana kabu-kabu hanyar Bukkuyum har yau, rana da ruwa. Bai taɓa goranta mini ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Na gode wa Allah da ya tona mini asiri don ya cece ni. Ku dogara gare shi, kada ku taya shi da dabara. In ɗanki ya ce ya tuba, 'yar'uwa, ki bar shi ya tafi da gaskiyarsa.