Hutun Sati Shida

A bencin masu jiran awon ciki, mai wankin otal ta kasa ɗauke ido daga takardar da ke hannun matar da ke gefenta.

"Baiwar Allah, wannan ta hutu ce?"

"Eh, sati shida likita ya rubuta min."

"Sati shida! Cikin wata nawa ne?"

"Biyu."

"Nawa ma biyu ne. Amma kullum ina tsaye a bakin injin wanki, ina ɗaga jiƙaƙƙun zannuwan gado, warin sabulu yana tayar min da zuciya. In yi amai, in kuskure baki, in koma. Da na roƙi kwana uku, shugabarmu cewa ta yi ciki ba ciwo ba ne. Ke ina kike aiki?"

"A ofis."

"Ka ji! Ga kujera ga fanka, sannan a ƙara miki da gado. Wasu dai da sa'arsu aka haife su."

Matar ta ninke takardar a hankali. "Na nawa ne wannan a wurinki?"

"Na huɗu. Ukun suna gida, sun ishe ni da ɓarna."

"Duk a tsaye kika raine su?"

"Har ranar naƙuda."

"Nawa ma na huɗu ne, amma babu wanda ya taɓa wuce wata uku. Tun da kika shigo da sauri, kina wurga jaka, nake jin haushinki."

Da aka kira lambar mai wankin, sai ta taɓa gwiwar matar.

"Shiga kafin ni, 'yar'uwa. Ni zan iya jira."