Idon Hauwa Ya Buɗe

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Shekara guda rabona da ƙauyenmu na wajen Tsanyawa, ina gadi a Fatakwal.

Idon 'yata Hauwa, mai shekara biyu, ya kumbura, kwantsa ta rufe shi. Innata ta rangaɗa mata kwalli wai magani, abin ya ƙaru. Likita kuwa sai ranar kasuwa yake zuwa asibitinmu. Raina ya ɓaci, amma ban zarge shi ba, garuruwan sun yi masa yawa.

Da ya duba ta ya ce, "Inna, a ajiye kwallin nan sai Sallah." Ya ba da maganin ɗigawa.

Jiya a waya na ga idanu biyu tar, tana ta kiran "Baba!" Alhamdu lillahi! Kuɗin motar gida na tara su cif, saura na tsarabarta.