Makunnin da Ɗanta Ya Aiko

A shagon kayan wuta na tarar da wata dattijuwa riƙe da kwalin makunni, wani mai jiran layi yana leƙen hannunta, sai ya ce mata:

"Inna, wannan ai na rage hasken ƙwai ne. Shi aka haɗa da fanka?"

"Ɗana ya aiko, ya ce zai ɗauki duka biyun."

"Gurnani take yi, ko?"

"Gurnani kawai, iska kaɗan. Ubansa na kwance ba lafiya, gumi har katifa. In na murɗa don fankar ta yi gudu, haske ya kashe masa ido."

"Raba su za a yi, kowa da makunninsa. Kira ɗan naki ya zo kafin fankar ta ƙone."

"Na kira shi, ɗan nan. Ya ce zai aiko da wani makunnin."