Dashen Hanifa

A tashar Magariya, ana jiran motar Yekuwa ta cika, wani dattijo ya rungume dashen mangwaro a cikin gwangwani. Matar da ke gefensa ta dube shi.

"Baba, ka bari a ɗora shi saman mota mana."

"A'a, Hajiya, iska za ta karya shi. Na 'yata Hanifa ne. Tun da ta shiga lise, babbar sakandare, kullum aka tashi sai ta zarce lambun makaranta. Wannan da hannunta ta yi masa aure, ta haɗa shi da reshen wani iri mai kyau."

"Ka tura ta boko, ta ɓuge da noma?"

"Faɗan da na yi ta yi ke nan. Na ce noma ai muna da shi a gida. Ta ce irin wannan dai ba mu da shi."

"To, ta ci bak ɗin, jarrabawar gama sakandare?"

"Sakamako bai fito ba tukuna."

"Kuma hankalinka kwance?"

"Kwance yake. In ta ci, ta wuce jami'a a Damagaram, ni in riƙa ban ruwa."

"In ba ta ci ba fa?"

Dattijon ya gyara gwangwanin a cinyarsa.

"Sai ta sake baɗi. Shi ma wannan ai ba bana zai yi 'ya'ya ba."